Shaidar Malam a Kan Shingen Baba Yila

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka fita da gawar maigidana, Malam Adamu, daga gidanmu na Arawa. Malamin tarihi ne a sakandare, ni ce kuma ɗalibarsa da ba ta da ranar hutu. Tuwo na hucewa, shi yana can Turai ta shekaru ɗari huɗu baya, yana ba ni labarin shari'un Kiristoci da Yahudawa.

A wasu garuruwan Jamus, in ji shi, idan Bayahude zai yi rantsuwa a kotu sai a tsayar da shi ba takalmi a kan fatar alade, a wulaƙanta shi tun bai buɗe baki ba. A wurare da dama ma ba a karɓar shaidarsa a kan Kirista. Nakan ce, "Malam, ina ruwanmu da faɗan da ba namu ba?" Shi kuma ya ce, "Ba addininsu ya sa su ba, Hauwa, yawansu ne. Duk waɗanda suka fi yawa a gari, wannan jarrabawar na jiransu."

Jarrabawar ta same mu har gida. Maƙwabcinmu Baba Yila, Batangale kuma Kirista, ya shuka bini-da-zugu a iyakar filinsa, muna tsaye ni da Malam. Daga baya wani Alhaji da suke sahu ɗaya da Malam a masallaci ya ce filinsa ya wuce shingen. Malam ya je kotu ya faɗi abin da ya gani, Baba Yila ya yi nasara. Aka daina kawo mana goron suna, wasu suka daina amsa sallamarsa. Na yi kuka, na yi masa masifa, shi ko a jikinsa.

Yanzu Malam da Baba Yila da Alhajin duk sun riga mu gidan gaskiya. Bana 'ya'yan Alhajin suka sare shingen, suka tada tsohuwar magana, don a ganinsu mai shaida ya mutu. Idan suka ci, ɗakin da Mama Rifkatu, matar Baba Yila, take kwana shi za a rushe.

Ƙanin Malam ya zo ya zauna a tabarmata. "Hajiya, ki rufa mana asiri," in ji shi. "Ya za a ce kin goyi bayan wata a kan 'yan'uwanki Musulmi?" Wallahi raina ya ɓaci. Da yayansa na raye, da ya sha darasin Jamus har la'asar. Ni dai na ce masa zan je in ba da shaida, don addinin da na sani ya hana ɓoye ta, bai kuma ce in fara duba inda mai gaskiya yake ibada ba.

Ɗaliban Malam sun watse, littattafansa gara ta ci rabi. Abin da ya rage shi ne tsohuwar da ta saurare shi tana mita. Masu sare shinge sun manta cewa mu biyu ne a tsaye ranar da aka shuka shi. Ranar Litinin ni da Mama Rifkatu keke ɗaya za mu hau zuwa kotu.