Sawun Rawarsa a Tsakar Gida

Shekarar da mahaifinsa ya tafi Abijan, ɗana ya rage magana. Idan ya dawo daga lakwal, wato makarantar boko, sai ya jingina wayata a turmi, ya kalli samarin birni suna juyi a kan kwalta, ya kwaikwaye su har ƙura ta rufe masa gwiwa. A nan kaɗai nake jin dariyarsa. Ina zaune da littafin soyayya a cinya, ba karantawa nake ba, shi nake kallo.

Yayana da ke Yamai ya zo ganin gida ya gan shi, ya ce, "Ba ni yaron nan, ƙanwata. Can akwai masu koya musu wannan tsalle-tsalle."

Na ce nan Filinge ma, garinmu na ƙasar Kurfai, ba za a rasa ba. Gaskiyar ita ce, in ya tafi, daga ni sai kaji.

Na ji labarin wani saurayi mai koya wa yara rawar a bayan tasha. Lokacin damina ne, yaron yana taya kakansa aiki a gona, sai na ce a bari a kai gero rumbu. Na riƙa hango shi ana tafa masa, ni kuma ina gefe da sabon lulluɓi.

Ranar Lahadi bayan girbi muka je. Filin a share, babu kowa sai wata tsohuwa mai ƙosai.

"Inna, ina mai koya rawa?"

"Ke ɗiyata, baƙuwa ce ke a Kurfai? Wane saurayi ka zama gari bayan an ɗaure dame? Ya tahi cin rani tun jiya wancan. Sai ruwa ya sauka."

Na sani sarai. Mijina ma haka ya tafi. Ban dai taɓa kawowa a raina cewa mai rawa ma manomi ba ne.

Da muka koma gida, kwana uku yaron bai taɓa wayar ba. A na huɗu na kira yayana, na ce ya zo ya tafi da shi.

Da safen tafiyarsu ya yi mini juyi ɗaya a gaban turmi, ya ruga mota. Kakata kan ɗebi ƙasar sawun matafiyi ta ƙulle don ya dawo. Na durƙusa zan ɗiba, sai na ga sawun ya juya ko'ina, ban gane wanne ne na fita ba. Na kwashe duka a tsohon kallabina.