Ɗaki Biyu a Ƙarshen Layi

Shekara goma sha tara ta yi tana guga a ɗakin wanki na wani babban otal, har ma'aikata suka manta da sunanta, kowa sai dai ya ce Anti Guga. Ɗakin wankin a ƙarƙashin ƙasa yake, babu taga, sai tururi da ƙugin injuna. Bayan hannunta na dama duk tabon ƙuna ne. Idan sabuwar ma'aikaciya ta tambaya, sai ta ce ai lambobin yabo ne, otal ɗin ne bai da kuɗin ba ta na ƙarfe.

Mijinta ya rasu da wuri, Allah bai ba su haihuwa ba. Ta tattara ta koma wajen mahaifiyarta, Inna, a wani tsohon bene da ke tsakiyar birni, tafiyar minti ashirin a ƙafa zuwa wurin aiki. Inna ta shekara arba'in a benen nan. Da tsufa ya kama ta sai mantuwa ta shigo. Takan ɗora ruwa a wuta ta fita, takan kira 'yarta da sunan ƙanwarta da ta daɗe da rasuwa. Amma unguwa ta san ta. In ta fito za ta miƙe titi, mai shago ya ce, "Inna, ina zuwa ba sallama?" ya juyo da ita. Mai gyaran takalmi ya ba ta benci ta zauna tana yi masa faɗa a kan aikinsa har 'yarta ta dawo.

Ana nan sai magada suka sayar da benen. Aka ba 'yan haya wata uku, za a rushe a gina shaguna. Anti Guga ta zaga cikin birni, ta ga ɗaki ɗaya ma sai ya cinye kashi biyu cikin uku na albashinta. Dole ta fita waje. Ranar hutu ɗaya take da ita a mako, ta ɓatar da uku a kan hanya.

Garin farko yana bayan gada ne, minti arba'in a bas. Dillali ya hau da ita hawa na huɗu, ya buɗe mata ɗaki ɗaya tal, ya ce rabin albashinta ke nan, kuma na shekara ake biya gaba ɗaya. Tana saukowa tana ƙirga matakala tana tuna gwiwoyin Inna. Na biyu garin masana'antar siminti ne. Hayar da sauƙi, amma bas biyu za ta riƙa hawa, da ta haɗa kuɗin mota sai ta ga sauƙin ya tafi a taya. Ta shafa bakin taga, yatsanta ya fito fari fat, ga Inna da tari. Na uku shi ne inda layin jirgin ƙasa ya ƙare. Ɗaki biyu a ƙasa, da tsakar gida da famfo, hayar ba ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na albashinta ba, tikitin wata kuma da rangwame. Aibinsa ɗaya, awa biyu da rabi zuwa, awa biyu da rabi dawowa.

Ta kira ƙaninta, direban tanka ne, rabin rayuwarsa a kan titi.

"Yaya, awa biyar kullum fa," in ji shi. "Ko ni da tuƙi ne sana'ata ina jin jiki."

"Ai zama zan yi, ba tura jirgin zan yi ba."

"Inna fa? Wa ta sani a can?"

"Matar mai gidan mutuniyar kirki ce, ta ce za ta riƙa leƙa ta. Ko kana da inda za ka sa mu?"

Shi da matarsa da 'ya'ya biyar a ɗaki biyu suke. Ya ce zai kawo mota ranar tashi.

A wurin aiki aka yi ta tsokanarta. Shugabar ɗakin wanki ta ce, "Anti Guga ta koma ƙasar waje, a riƙa duba mata fasfo a ƙofa." Ta yi dariya tare da su.

Makon farko Inna ta ji daɗin tsakar gidan. Ta zauna a rana tana miƙe ƙafa, ta yaba ruwan famfo. Ran na takwas ta ɗaure kayanta a zane ta ce, "Ke 'yar nan, mun gaishe su haka nan. Mu tafi gida kada mu gundure su."

"Inna, nan ne gida yanzu."

"Wane irin gida? Ina mai takalmi?"

Kullum sai an yi wannan. Anti Guga tana fita ƙarfe biyar na asuba, ba ta dawowa sai bayan takwas. Ta ajiye abinci a kwano biyu, ta cire kan gas ta ɓoye. Matar mai gida tana leƙawa, amma ita ma da shagonta a kasuwa. Sau biyu aka tsinci Inna a bakin babban titi tana tambayar masu wucewa hanyar bene, ba wanda ya san ta balle ya san benen. Bayan na biyun matar mai gida ta ce, "Anti, ba don rashin imani ba, ki riƙa kullewa."

Ta sayi kwaɗo. Ranar da ta fara datse shi tana jin Inna daga ciki tana taɓa ƙofa a hankali, tana cewa, "Wa ke nan? An manta da mutum a ciki." Ta yi kuka daga tasha ta farko har ta huɗu, wata mata da ke kusa da ita ta miƙo mata hankici ba ta tambaye ta komai ba.

Wata biyar aka yi haka. Inna ta rage magana, ta rage ci. Wata safiya cikin damina Inna ta tashi garau kamar ba ita ba, ta riƙe hannun 'yarta ta ce, "Kada ki rufe ni yau. Ni na haife ki, ban taɓa rufe ki ba. A tsakar gida zan zauna." Anti Guga ta dube ta, ta sa kwaɗon a jaka ta tafi.

Ƙarfe sha ɗaya, tana tsakiyar guge rigunan masu ba da abinci, matar mai gida ta kira. Inna ba ta nan, ga ruwa ana tafkawa. Ta bar dutsen guga a tsaye ta fita da rigar aiki. Da rana jirgin ba ya yawa, sai da ta jira minti hamsin. Da ta shiga jirgin ta zauna, ta tashi, ta tsaya a bakin ƙofar tarago kamar hakan zai ƙara masa gudu.

A tashar ƙarshe ta same ta. Mai sayar da tikiti ya zaunar da ita a ofishinsa ya lulluɓa mata rigar sanyinsa. Ta jiƙe sharkaf, ƙullin kayanta a cinya. Ya ce tun safe take tsaye a dandamali, ta miƙo masa maɓallai uku wai ya ba ta tikitin gida.

Inna ta ɗago ta ce, "Kin daɗe."

Sanyi ya shiga ƙirjin Inna. A ƙaramin asibitin garin aka ba ta gado, Anti Guga ta ɗauki hutun kwana huɗu tana jinya. Ran na biyar zazzaɓi ya sauka, Inna ta sha shayi rabin kofi har ta ce sukari ya yi kaɗan. Likita ya ce da sauƙi. Hutu ya ƙare, ta bar matar mai gida a wurin ta kama jirgin asuba. Saura tasha uku a shiga birni waya ta yi ƙara. Ta saurara, ta ce, "To." Da jirgin ya tsaya ta sauka, ta haye gadar ƙafa zuwa ɗaya dandamalin, ta tsaya cikin mutane tana jiran mai komawa.

Bayan an yi jana'iza ƙaninta ya same ta zaune a bakin famfo.

"Da na ɗauki na bayan gada," ta ce. "Minti arba'in ne. Da na iso."

"Hawa huɗu, Yaya. Da ba ta ƙara taka ƙasa ba. Kwana ne ya ƙare."

"Na sani. Amma da na iso."

Ya zauna kusa da ita.

Ta ƙarasa watannin hayarta, sannan ta rabar da kayan ɗaki. Yanzu tana zaune bayan otal ɗin, a ɗaki ɗaya da wasu 'yan mata uku masu gyaran ɗakunan baƙi, kowa da katifarta da ƙusar rataye kaya. Suna kiranta Mama, suna kawo mata ƙarar samarinsu, tana yanke hukunci suna dariya. Ƙarfe shida ta riga ta dawo, ta yi wanka, ta ci abinci, ga rana ba ta faɗi ba. Sai ta ja kujera bakin taga ta zauna. Ƙaramar cikinsu ta taɓa tambayarta ko wani take jira. Ta ce a'a, ta dai rasa abin da ake yi da yamma ne.