Littafin da Bulus ya zana mini, da yatsan da ke goge shi

Shekara goma sha shida ke nan da muka kai Baban Saratu makwancinsa. Bulus sunansa, ga waɗanda suka yi aiki da shi a ɗakin zane na masaƙa a Kakuri. Ban taɓa kiransa haka a gaban idonsa ba, yau ma don jarida ce. Ni ban shiga aji ba, ba na kuma jin kunyar faɗa, domin matan Makera sun sani, idan na buɗe baki da labari mai tuwo kan manta da tukunyarta a wuta. 'Yata Saratu ce ke riƙe da biro, na kuma ce mata ta rubuta yadda na faɗa, har wurin da ba zai yi mata daɗi ba.

Ya rasu farar hula na kan mulki, saura kaɗan sojoji su karɓe. Ga shi bana farar hula sun dawo. Nakan ce da zai tashi yau ya leƙa titin Barnawa, ya ga fuskokin 'yan siyasa manne a katanga, cewa zai yi barcin rana ya yi. Sai ya je masaƙa zai rikice, don injina da yawa sun yi shiru, abokansa wasu sun koma gida noman citta, wasu suna acaɓa da furfurarsu. Amma ba masaƙa ce ke hana ni sukuni ba, ba kuma gwamnati ba. Littafi ne.

A wancan lokaci akwai wani tsohon Fada Bature a cocinmu. Ya ga furannin da Bulus ya zana a allon sanarwa, sai ya kira shi ya nuna masa hotunan littattafan addu'a na mutanen ƙasarsu na dā can, tun ba a ƙera injin buga takarda ba. Da hannu ake rubuta su a kan fatar maraƙi. Harafin farko na kowace addu'a ƙato ne, an lulluɓe shi da zinariya, a cikinsa ga mutane ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa. Gefen shafin kuwa ganye ne ya nannaɗe, da tsuntsaye, da zomo, har da katantanwa. Fada ya ce matan sarakuna da na attajirai ake yi wa, su riƙa buɗewa safe da rana da yamma.

Bulus ya dawo gida ya ƙi kallon abinci. Ya ce, "Maman Saratu, ke ma za a yi miki."

Na ce, "Ni da ko sunana ban iya ganewa a takarda ba?"

Ya ce, "Su ma hoton suke bi."

Har yau ban sani ba ko Fada ne ya gaya masa haka, ko shi ya ƙirƙira don ya rufe mini baki.

Da fatar akuya ya fara. Gidan haya muke, tsakar gida ɗaya da iyali biyar. Warin da ya tashi, har mai gidan ya zo da kansa yana tambaya ko wani abu ne ya mutu a rufi. Na ce masa ya zaɓa, ko fata ko ni. Ya koma takarda mai kauri irin ta wurin aikinsu. Launi kuwa wurin maƙwabcinmu Malam Isa ya koya, mai yi wa yaran da suka sauke karatu zayyanar allo. Shi ya nuna masa yadda ake jiƙa ƙaro, yadda ake fitar da ja daga karan dafi, rawaya daga gangamau, shuɗi daga baba. Zinariya ce ta gagara, sai ya gano takardar gwal ta cikin kwalin sigari. Mutumin da bai taɓa sa taba a baki ba, sai ga shi yana bin mashaya a ƙofar masaƙa yana roƙon kwali, har katikis, malamin cocinmu, ya ja shi gefe ya yi masa nasiha. Yakan jiƙa takardar ya ɓare gwal ɗin, siriri kamar bawon albasa. Ya kwaɓa alli da ƙaro, ya gina harafin ya yi tudu, ya bar shi ya bushe. Sai ya hura masa numfashi don ya ɗan yi laima, ya ɗora gwal, ya yi ta gogawa da bayan wuri, irin kuɗin dā, har sai ya ɗauki ido. Haka ya yi ta yi ranakun Lahadi bayan coci, har Saratu ta tashi daga rarrafe ta shiga makaranta.

Bulus ya ce mu ba mu da inabi irin na littattafan Turawa, don haka ba zai zana wa Allah abin da bai taɓa gani ba. Ganyen yakuwa ya zagaye shafukan da shi, da gauta, da kan acca, da biri yana satar masara. Maryamu kuwa, mala'ika ya same ta ta dawo daga rafi da tulu a kafaɗa, yadda matan garinmu ke ɗauka. Fuskarta baƙa ce, mai ɗan tsawo. Matan Zumuntar coci sun ce da ni ta yi kama. Ban ce eh ba, ban kuma ce a'a ba.

Yadda na koya shi ne, yakan kama babban yatsana ya ɗora a kan tudun harafin, ya karanta, in maimaita. Shafin zabo addu'ar safe, shafin Maryamu da tulu ta rana tsaka, shafin ƙadangare ta yamma. Da yatsana ya ji tudun, addu'ar kan zo bakina da kanta. Idan na gama kuma in sumbaci yatsan in taɓa fuskar da ke shafin, kamar yadda uwata ke taɓa goshinmu idan za mu yi tafiya. Haka na yi yana raye, haka na ci gaba bayansa, ban fasa ba ko a ranar da muka kwashe kaya daga Makera na dawo wurin Saratu.

Idona ya yi rauni, shi ya sa ban lura ba. Wani sabon Fada ne, yaron ƙasarmu, ya zo gaishe ni lokacin da ciwon ƙafa ya kwantar da ni. Ya ga littafin a kan matashi, ya buɗe. Ya ce a Turai irin wannan sai da safar hannu ake taɓawa. Sannan ya ce, "Mama, ina fuskar Maryamu?" Aka kai shafin bakin taga. Babu fuska. Tulun na nan, kafaɗar na nan, amma inda fuskar take sai wani dabbare launin ƙasa daidai girman yatsana. Zabon ya rasa kai. Gwal ɗin haruffan ya koɗe, allin na leƙowa.

Saratu ta yi kuka ranar. Tana ƙarama ya rasu, hotonsa ɗaya muke da shi, shi ma na katin aiki ne, ya ɗaure fuska kamar ba shi ba. Ta ce littafin nan ne kaɗai wurin da take ganin Babanta yana dariya.

Zaren ɗinkin ya riga ya saki, sai ta zare shafin ƙadangare ta kai shagon da ke manne takardun makaranta cikin leda. Ita a ganinta ceto ne, don haka ake yi wa duk takarda mai daraja yanzu. Ba wanda ya tuna injin da zafi yake aiki, ƙaro kuwa ba ya son zafi. Shafin ya dawo yana sheƙi, harafin ya baje, gwal ɗin ya yamutse kamar fatar tsohuwa. Da yamma na ɗora yatsa, sai santsi. Ku ji abin mamaki, addu'ar da na yi sau ba adadi ta tsaya mini a maƙogwaro. Ni da nake jero tatsuniya goma ban yi tuntuɓe ba! Na san farkonta, na san ƙarshenta, tsakiyar ta ɓace. Na zauna kamar baƙuwa a ɗakina.

Daga nan Saratu ta sa kafinta ya yi akwati mai murfin gilas, ta sa littafin a buɗe, ta kulle, ta ajiye a falo kusa da talabijin. Ta ce, "Mama, ki riƙa kallo kina yi. Ai Allah na ji." Na sani yana ji. Ni ce ba na jin kaina. Nakan tsaya gaban gilas, in ga inuwar fuskata da ta fanka tana juyawa, in fara ta safe in faɗa cikin ta rana.

To a nan ne nake ta tambayar mamacin, shi kuwa amsa biyu yake ba ni. Na tuna ranar da Saratu ta miƙa hannu mai manja za ta taɓa shafi, ya daka mata tsawar da ban taɓa jin irinta a bakinsa ba, ya kuma naɗe littafin cikin zane har uku. Wannan Bulus ɗin zai ce a kulle. Na kuma tuna hannunsa a kan nawa yana danna yatsana, yana cewa, "Danna sosai, ba ya cizo." Wannan zai ce a buɗe. Mutum ɗaya ne, na zauna da shi, na haifa masa, amma ban san wanne zai tashi ya yi magana ba.

Da abin ya ishe ni, na sa Saratu ta buɗe akwatin, muka hau bas zuwa Makera neman Malam Isa. Na ce ko zai sabunta mini, in ci gaba da taɓawa, idan ya goge a sake. Muka same shi a zaure, ya tsufa ƙwarai.

"A'a, matar mai sigari! Kina raye?"

"Ina raye, Malam. Kai ne dai na ji an ce haƙoranka sun riga ka tafiya."

Ya yi dariya har da tari. Ya wanke hannu, ya karɓi littafin, ya daɗe yana juyawa. Ya ce, "Wannan jan nawa ne. Shuɗin nan kuwa na ce masa ya yi ruwa, bai ji ba." Da na faɗi abin da ya kawo ni, ya ce, "Ganyen gefe dā zan iya, yanzu dubi hannun." Ya ɗaga, yana rawa. "Fuska kuwa kin sani ba na zanawa, ban taɓa ba. Da mijinki ma mun sha gardama a kai."

Saratu ta ce, "Baba, kai ka gaya mata. A ajiye ko a bar mata?"

Ya ce, "'Yata, ni allo nake yi. Wani uban ya rataye na ɗansa a bango har jikoki su gani, wani ya wanke a sake rubutu a kai. Dukansu sun zo sun yi mini godiya. Kada ku sa ni a shari'ar gidanku."

Muka dawo ba mu ƙaru da komai ba sai goron da ya ba ni.

Saratu ce ta kawo shawarar da muke kai yanzu, ban kuma ce ta gamsar da ni ba. Tunda ɗinkin ya saki, ta ce in ɗauki shafukan da na riga na cinye, na safe da na rana da wasu 'yan kaɗan, sauran su zauna a gilas. Muka baje su a kan tabarma muna rabo kamar masu rabon gado. A nan na ga abin da ya ƙara rikita ni. Waɗanda suka fi kyau su ne waɗanda ban cika buɗewa ba. Akwai na matafiya, ni kuwa ba inda nake zuwa. Wanda ya fi duka ƙyalli shi ne na addu'a domin masu mulki, mai zanen zakara a kan turmi, gwal ɗinsa kamar jiya aka goge. Duk zamanin soja yatsana bai bi ta kansa ba. Yanzu da ake ce mana a coci mu yi wa sababbin shugabanni addu'a, shafin yana kulle, su yi haƙuri.

Wato abin da jikokina za su gani su ce aikin kakansu ne, shi ne addu'o'in da ban yi ba. Waɗanda na yi kuwa, waɗanda suka riƙe ni a shekarun da na kwana ni kaɗai na tashi ni kaɗai, suna komawa takarda zalla a hannuna. Idan an ce in nuna inda Bulus ya saura, ban san wanne zan nuna ba. Ta yamma har yau ba ta dawo mini daidai ba, nakan cike tsakiyar da maganata, ina fata ba a riƙe ni da laifi ba.

Abu ɗaya na yanke. Saratu ta ɗauka zan ce a binne ni da nawa rabon. Na ce mata a'a. Ran da na tafi, ta buɗe akwatin ta jera gogaggun kusa da masu ƙyalli.

Ta ce, "Mama, yara za su tambaya me ya sa waɗannan babu komai. Me zan ce musu?"

Na ce, "Ki ce kakansu ya zana, kakarsu ta goge, kuma kowannensu gani yake Allah yake yi wa aiki. Idan sun tambaye ki wa ya fi gaskiya, ki ce na mutu ban sani ba."