Minti Huɗun da Kasozi Yake Shiru

Ranar Asabar ɗin Kasozi ya tashi ƙarfe bakwai, ya ci dafaffiyar ayaba da wake, ya goge takalman mahaifinsa, Ssebuliba, tsohon malamin Turanci.

Sana'arsa fassarar fim ce a wata rumfar kallo a garin Masaka. Yakan zauna gefen talabijin da makirufo, Turawa na magana yana juya maganar zuwa harshen Luganda, yana ƙara gishiri. A wannan sana'ar baki ba ya hutawa. Wanda ya yi shiru, 'yan kallo cewa suke Turancin ya fi ƙarfinsa.

Ƙarfe tara ya tasa mahaifin a gaba da zancen wani tsohon fim na 'yan fashi. Akwai inda ɗan sanda ke tuhumar wani dattijo da kisa. Minti huɗu dattijon bai ce uffan ba, sai hannunsa da ke ta gyara zaman kofin shayi. Kasozi ya ce ɗan wasan ya zuba laifin duka a hannun nan, shi ya sa in an zo wurin shi ma yake tsuke baki, ana ta yi masa ihu.

"Ashe akwai mai iya rufe maka baki," in ji Ssebuliba.

"Baba, ka zo ka gani mana."

Ya ce wata rana. Bai taɓa shiga rumfar ba, don ba wannan aikin ya so wa ɗan da ya kai jami'a ba.

Ƙarfe sha ɗaya Kasozi ya fita. Ƙarfe biyu aka naɗi fassararsa ta fim ɗin a kaset, karo na farko. Biyar da kwata babbar mota ta buge babur ɗin hayar da ya hau. Shekarunsa ashirin da bakwai.

Bayan an share makoki, Nsubuga mai rumfar ya zo roƙon kaset ɗin, wanda aka kawo gida cikin kayan Kasozi, ya ce jama'a na ta tambaya. Ssebuliba ya tambaye shi ko na'urarsu na cin kaset. Ya ce takan ci jefi-jefi. A kaset ɗin nan ne kaɗai muryar Kasozi ta rage a duniya.

"Ɗana, yi haƙuri, ba zan iya ba," in ji tsohon.

Rigunan Kasozi aka ba ƙaninsa, ƙamus ɗin Turanci aka kai makarantar unguwa, Nsubuga ya tafi da makirufo. Kaset ɗin yana cikin akwatin takardun shaida, naɗe a hankici. Babu bidiyo a gidan, kuma Ssebuliba bai saya ba.