Sabuwar Hular Tsoho a Kasuwar Kifi

A kasuwar kifi ta bakin kogi, a birnin Roma na zamanin da, ga wani tsoho tsaye da sabuwar hular 'yantattun bayi a kansa. Kafaɗarsa ta dama ta karkace. Ina jin ya shekara arba'in yana dakon kayan wani.

Wani attajiri da ke kusa ya daka wa nasa bawan tsawa: "Ɗauki kwandon nan!"

"Pareo," in ji tsohon, wato "na bi," har ya sunkuya.

Mai kifi ta tuntsure da dariya. "Haba Baba, ba da kai ake ba! Ai kai ɗa ne yanzu."

Ya miƙe a hankali yana gyara hular. "Kunnena ya ji labari, 'yata. Gadon bayana ne ba a gaya wa ba tukuna."