Yaron da Aka Mayar Gonar Makaranta

A lokacin ban daɗe da gama digiri ba, ina koyarwa a wata ƙaramar sakandare a wani ƙauye kusa da Malumfashi. Mutum ne ni mai fargabar kuskure, ko gyara zan yi wa wani sai na fara da ban haƙuri.

Akwai wani yaro a ajina da ake kira daƙiƙi. Ni dai a iya lurata, ba fahimta ya rasa ba. In ka ce ya buɗe littafi, ya kwafi allo, ya amsa tambaya, sai ya tsaya yana juya biro, bai san ta inda zai fara ba. Sai na riƙa ba shi aiki ɗaya, in ya gama in ƙara masa, ina bar masa gefen allo ban goge ba. Ba zan ce ya zama gwani ba, amma ya fara kammala aiki.

Manyan malamai, waɗanda koyarwarsu ba ta wuce miƙa wa monita littafi ya cika allo su koma gindin darbejiya cin gyaɗa ba, suka ce na zo da rainon yara daga jami'a. Da kaka ta yi, mataimakin shugaban makaranta ya ware waɗanda ya kira marasa kai, ya tura su ɓarar masara a gonar makaranta a lokacin darasi. Na roƙe shi ya bar mini yaron. Bai ko ɗago daga wayarsa ba, ya ce wanda kansa ba ya ja, hannunsa ya ja. Wai wannan shi ne mai ba yara tarbiyya.

Ranar kasuwar Danja mahaifin yaron ya biyo ta gefen gonar a kan babur, ya gan shi cikin kara. Ya same ni, ya gaishe ni da ladabi, ya ce, "Malam, in dai noma ne, ai ina da gonata." Ya ɗora ɗansa suka tafi. Na bi shi gida na roƙe shi ya dawo da yaron makaranta, bai sauya ra'ayi ba.

Wataƙila da na ɗaga murya da abin bai kai haka ba, ban sani ba. Abin da na sani, yaron da bai iya tsara aikinsa ba koya masa ake yi, kamar karatu. Iyaye, ku riƙa leƙa makaranta ba tare da sanarwa ba, ku ga inda ɗanku yake wuni.