Saƙon Arɗo da Yaya Inuwa Bai Isar Ba

Shekara biyar ke nan da rasuwar yayana, Malam Inuwa na Kiru. Bana da ake ta shirin samun mulkin kai, kullum sai ya faɗo mini a rai.

Malamin makaranta ne mai gonar gado a bayan gari. Da aka zaɓe shi ya tafi majalisar ƙasa a Ikko, Arɗo Buba ya tako tun daga gefen Falgore ya ba shi saƙo ɗaya: gonaki sun cinye burtali, shanu ba su da hanyar zuwa mashaya, a faɗa wa manya. Yaya ya ce ya ɗauka.

To, Yaya mutum ne da aka rena a kan cewa bin na gaba bin Allah ne. A gidanmu ƙarami ba ya buɗe baki sai manya sun gama. Haka ya zauna a majalisa, takardarsa a aljihu, yana jiran dattawa su ƙare magana. Su kuwa 'yan majalisa ba sa ƙarewa. Ana cikin haka rigima ta tashi tsakanin Kudu da Arewa, zama ya watse, daga baya aka rushe majalisar. Ko tari Yaya bai yi a cikinta ba.

Na sha tsokanarsa cewa jiran gawon shanu ya je yi. Yakan yi dariya, amma na san abin yana cinsa. Bai kwana uku da dawowa ba ya hau keke har rugar Arɗo, ya durƙusa.

"Baffa, saƙonka bai isa ba. Laifina ne."

Alkawari kaya ne. Da damina ta faɗi, ya yanke gefen gonarsa, wurin da ya fi ba da dawa, ya bar wa shanu. Na yi faɗa har na gaji. Sannu a hankali maƙwabta biyu suka ji kunya, su ma suka ja iyakar gonakinsu baya.

Da yana nan, ban san me zai ce da masu jawabin yanzu ba. Wataƙila ya jira su gama. Ina kewarsa ƙwarai.

Jiya na bi ta gonar, na tarar da garken Arɗo yana gangarawa mashaya. Na tsaya gefe har suka gama wucewa.